Famfo ba ya jan ruwa, iska ce ke turo shi

Jama'a manoma da masu lambu, ga wani labari da za mu fara da shi. Wani mai lambu na sani a bakin fadama. Ya sayar da albasarsa da tumaki biyu, ya sayi sabon injin ban-ruwa. A watan Disamba injin ya yi aiki lafiya lau. Da watan Afrilu ya kama, sai ya riƙa ruri kawai, ko ɗigon ruwa ba ya fitowa. Ya kai shi wurin makanike. Aka kwance, aka ɗaure, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ya koma ya yi wa mai kanti faɗa, ya ce an sayar masa da jabu. Kafin a gano gaskiyar magana, rabin shukarsa ya ƙone.

Injin ba shi da laifi. Ruwan rijiyar ne ya sauka, ya wuce iyakar da kowane famfon zuƙa zai iya kaiwa. Wannan iyaka tana da dalili. Wanda ya san dalilin ba zai yi irin wannan asara ba.

Iska tana da nauyi

Ba mu ganin iska, amma tana da nauyi kamar sauran abubuwa. Ɗaki ƙarami mai faɗin mita 3, da tsawon mita 3, da bisa mita 3, iskar da ke cikinsa ta fi kilo 30. To, iskar da ke bisa kawunanmu ta kai kilomita da yawa zuwa sama. Dukanta tana danne da ƙasa, da ruwa, da mu kanmu.

Masana sun auna wannan danniya. A kan wuri mai girman farcen ɗan yatsa, wato santimita 1 a tsawo da santimita 1 a faɗi, iska tana dannawa da nauyin kilo 1. A kan tafin hannun babban mutum kuwa, nauyin ya kai na buhun gero mai kilo 100.

Mai karatu zai ce, me ya sa ba mu jin wannan nauyi? Dalili shi ne iska tana dannawa ta kowane gefe, sama da ƙasa, dama da hagu. Cikin jikinmu ma akwai iska da jini masu turawa waje. Ƙarfi biyu sun yi daidai, shi ya sa ba mu jin kome. Amma da zarar an rage iska a gefe guda, sai ta ɗaya gefen ta nuna ƙarfinta.

Abin da muke kira zuƙa

Dubi wanzami in zai yi ƙaho. Yana kifa ƙahon a bayan mutum, ya tsotse iskar da ke ciki ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya toshe ramin. Sai ƙahon ya manne, fata ta kumbura a ciki. Ba wani abu ne ke jan fatar ba. Iskar cikin ƙahon ce ta ragu. Iskar waje ta danne ƙahon a jiki, jini kuma ya turo fata zuwa inda danniya ta yi sauƙi.

Haka sirinjin malamin asibiti yake. In ya ja sandar baya, fili ya buɗe a ciki, ba iska. Sai magani ya shiga ya cike filin. Numfashinmu ma haka ne. Ƙirji yana buɗewa, iskar waje ta kutsa cikin huhu.

Duk na'urar da aikinta shi ne fitar da iska daga wani rufaffen wuri, ita ake kira famfon zuƙe iska. Famfon ruwa mai zuƙa ɗan gidansu ne. Yana rage iskar da ke cikin tiyo. Iskar waje kuma tana nan danne da fuskar ruwan rijiya. Sai ta tura ruwan ya hau cikin tiyon. Famfo buɗe hanya yake yi, iska ce ke ɗaukar kaya.

Iyakar gaba huɗu

Tun da iska ce ke turo ruwan, ruwan ba zai hau fiye da ƙarfin iskar ba. Ga lissafin. Tiyo mai baki santimita 1 a tsawo da faɗi, in tsawonsa ya kai mita 10, lita 1 yake ɗauka. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Iska kuwa kilo 1 take dannawa a wuri mai wannan girma. Ke nan a mita 10 nauyin ruwa ya yi daidai da na iska. Daga nan ruwa ba ya ƙara hawa, ko da an zuƙe iskar tiyon ƙaf.

Wannan a lissafi ke nan. A wurin aiki ba a kai mita 10. Babu famfon da ke fitar da iska duka. Ruwa yana gogar jikin tiyo, ƙarfinsa ya ragu. Bayan haka, in danniyar iska ta ragu ƙwarai, ruwa yana tafasa ko da ba a ɗora shi bisa wuta ba. Tururinsa sai ya cika tiyon, zuƙa ta tsinke. Saboda haka iyakar famfon zuƙa mita 7 ce, ko 8 in kome ya yi daidai. A awon masu ginar rijiya, wajen gaba huɗu ke nan.

A lura da kyau. Girman inji ba ya ɗaga wannan iyaka. Babban inji zai ba da ruwa mai yawa, ya tura shi nesa. Amma in fuskar ruwa ta yi ƙasa da shi da mita 9 ko 10, shi da ƙaramin inji duk ɗaya ne.

Yadda aka gano haka

Mutane sun daɗe suna aiki da famfo kafin su san sirrinsa. A shekarar 1206 wani gwanin ƙere-ƙere mai suna Al-Jazari, wanda ya yi aiki a birnin Diyarbakir na ƙasar Turkiyya ta yau, ya zana famfo mai zuƙo ruwa a cikin littafinsa. A ƙasar Italiya ma masu famfo sun lura cewa ruwa ba ya wuce wani tsayi, amma ba su san dalili ba.

A shekarar 1643 wani masani ɗan Italiya mai suna Torricelli ya warware matsalar. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa bakinsa cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauko, ta tsaya a santimita 76. Zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da sau 13. In aka lissafa, santimita 76 na zaiba daidai yake da mita 10 na ruwa. Nan ya gane cewa nauyin iska ne ke riƙe da su duka.

Wajen shekarar 1650 kuma magajin garin Magdeburg na ƙasar Jamus, Otto von Guericke, ya ƙera famfon zuƙe iska na farko. Ya sa aka yi masa manyan kwanoni biyu na jan ƙarfe. Ya haɗa bakinsu kamar yadda ake kifa ƙwarya a kan ƙwarya, ya zuƙe iskar da ke ciki. Aka ɗaura dawaki takwas a kowane gefe, suka yi ta ja, kwanonin ba su rabu ba. Da ya buɗe ƴar ƙofa iska ta shiga, sai suka rabu ba wuya.

Ire-iren famfon zuƙa

Na ɗaya shi ne mai sanda da fata. Yana da bututu, da sanda mai kai da komo a ciki, kamar famfon keke. Akwai ƴan ƙofofi biyu, waɗanda makanikai ke kira bawul. Kowace gefe guda kawai take buɗewa. In sanda ta ɗaga, ƙofar ƙasa ta buɗe, iska ko ruwa ya shiga. In ta sauka, ƙofar ƙasa ta rufe, ta sama ta buɗe, abin da ya shiga ya fita. Famfon ƙafa na lambu irin wannan ne. An ƙirƙiro shi a ƙasar Bangaladash wajen shekarar 1980. Ya shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990, aka sa masa suna Niyya da Ƙoƙari.

Na biyu shi ne mai fatar roba. Aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne. Fatar tana lotsawa tana kumbura. In ta ja baya, fili ya buɗe, iska ta shigo. In ta dawo, ta kore ta waje ta wata ƙofar. Ba ya son mai, gyaransa kuma da sauƙi. Shi ya sa ake yawan sa shi cikin ƙananan na'urorin asibiti.

Na uku shi ne mai juyawa. Cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa cikin gida mai da'ira, amma ba a tsakiya yake ba, ya fi kusa da gefe guda. A jikinsa akwai ƴan alluna masu shiga da fita, suna shafar bango. Suna ɗibar iska inda fili yake da faɗi, su matse ta inda ya ƙuntata, su fitar da ita. Mai ne ke toshe ƴan kafofin da suka rage. Irinsa masu gyaran firiji ke amfani da shi, su zuƙe iska da laima kafin su ɗura gas. Motar yashe masai ta cikin birni ma famfon zuƙe iska gare ta. Ƙazanta ba ta bi ta cikin famfon. Iskar tanki yake zuƙewa, sai iskar waje ta tura ƙazantar cikin tankin.

Na huɗu ba shi da abin da ke motsi ko ɗaya. Ana hura iska ko ruwa da sauri ta wani ƙuntataccen maƙogwaro. Gudun nan yana kwasar iskar da ke gefensa ya tafi da ita. Tsohon famfon feshin sauro na gwangwani haka yake aiki. Iskar da ake hurawa tana wucewa bisa bakin ɗan bututu, sai maganin ya hau ya fita kamar hazo.

Na biyar shi ne injin ban-ruwa mai farfela, wanda ya fi yawa a lambunanmu. Farfelar tana juyawa da sauri, tana watsa ruwa zuwa gefe kamar majajjawa. Tsakiyarta sai ta zama fili, ruwan tiyo ya taho ya cike. Amma farfela ba ta iya kama iska, don iska ba ta da nauyin ruwa. Dalili ke nan da ake cika cikin injin da ruwa kafin a tayar da shi.

Akwai kuma na manyan masana'antu da ɗakunan bincike. Wasunsu suna da farfela mai juyawa sau dubbai a minti guda. Su ke bin iskar da ta rage bayan sauran famfuna sun gaza. Da famfon zuƙe iska ake yin filas ɗin shayi. Bangonsa biyu ne, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa zafi ba ya samun hanyar fita da wuri.

Amfaninsa ga lafiya

A ɗakin haihuwa, in majina ta toshe wa jariri hanyar numfashi, ungozomar asibiti tana zuƙe ta da ƴar na'ura. A ɗakin fiɗa ana zuƙe jini don likita ya ga abin da yake yi. Inda babu lantarki akwai irin wadda ake takawa da ƙafa.

In naƙuda ta yi tsawo, uwa ta gaji, wani lokaci likita yana manna wani ɗan kofi a kan jariri, a zuƙe iskar cikinsa, a taimaka masa ya fito. Macen da ta yi ɓari kuma, in wani abu ya saura a mahaifa, ana tsabtace ta da wani babban sirinji mai zuƙa. Barin abin a ciki yana jawo zubar jini da ruɓa. Waɗannan ayyuka na ma'aikatan da aka horar ne kaɗai. Kada kowa ya gwada su a gida.

Allurar rigakafin ƙyanda da ta tarin fuka gari suke zuwa cikin ƴar kwalba. A masana'anta ana daskarar da maganin, sa'an nan a zuƙe iskar wurin. Ƙanƙarar sai ta tashi ta zama tururi, gari ya saura. Haka yake daɗewa bai lalace ba. In malamin asibiti ya dama shi, awa 6 kawai gare shi, abin da ya saura a zubar. Saboda haka iyaye mata su riƙa zuwa da wuri ranar rigakafi.

Ga gargaɗi uku game da zuƙa:

1. Mai son ƙaho ya je da sabuwar reza tasa. Aska guda a jikin mutane da yawa tana yaɗa ciwon hanta da sida.

2. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a sa ƙaho. Zuƙa ba ta fitar da dafin. A kwantar da shi, a hana ƙafar ko hannun motsi, a gaggauta kai shi asibiti.

3. Kada a tsotso man fetur ko maganin ƙwari da baki ta cikin tiyo. Man fetur kaɗan in ya shiga huhu yana iya kashewa.

Kafin ka sayi inji

Ɗan'uwa mai lambu, fara da awo. Ɗaura dutse a igiya, ka saka cikin rijiya. Ka auna daga inda injin zai zauna zuwa fuskar ruwa. Ba zurfin rijiyar duka ake nufi ba, fuskar ruwa ce abin lura.

Ka yi awon nan da bazara, a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi sauka. Awon kaka yana ruɗin mutum. Ka tuna kuma in inji yana aiki, ruwan rijiya yana ƙara yin ƙasa. Rijiyar da ke mita 6 da safe tana iya kai mita 8 bayan an yi ban-ruwa na awa guda.

A wurare irin su koramun Matamai da Magarya, da Dallol Mawri, ruwa yana kusa a fadamu da yawa, famfon zuƙa yana yi. A tudun Dakwaro da Tanut kuwa akwai rijiyoyin da suka wuce mita 40. Nan babu injin zuƙa da zai yi amfani.

In ruwa ya wuce gaba huɗu, famfo mai turawa za ka nema. Turi ba shi da irin wannan iyaka. Famfon hannu na India Mark II da famfon ƙafa na Vergnet da muke gani a ƙauyuka, sashen da ke aikin yana can ƙasa cikin ruwa, yana turo shi sama. Haka ma famfon lantarki da ake nutsarwa cikin rijiya, mai aiki da hasken rana.

In inji ya ƙi ba da ruwa

Kada ka yi saurin kai shi wurin makanike. Duba waɗannan tukuna:

1. Ka cika cikinsa da ruwa? In ya yi ta juyawa a bushe, robar da ke hana yoyo za ta ƙone.

2. Tiyon zuƙa ya huje? Rami kamar na allura ya isa ya ɓata aiki. Ba za ka ga ruwa na ɗiga ba, don iska ce ke shiga, ba ruwa ke fita ba. Ka duba mahaɗa, ka ɗaure su tam da igiyar roba.

3. Bakin tiyon yana nutse sosai? In yana kusa da fuskar ruwa, iska zai sha. In ya kwanta cikin laka, zai toshe. Ka sa masa rariya.

4. Tiyon mai tauri ne? Tiyo mai laushi iskar waje tana matse shi ya lanƙwashe. Tiyon zuƙa ya zama mai ƙarfi, gajere, marar lauje-lauje.

5. Kana jin ƙara kamar tsakuwa na yawo a ciki? Alama ce ruwa ya yi nisa. Ka kashe injin, don wannan yana cinye farfela.

Hayaƙi cikin rijiya ajali ne

In ruwa ya sauka, wasu sukan gina rami a gefe, su saukar da inji don ya kusanci ruwa. Dabara ce mai kyau, in ramin mai faɗi ne, bakinsa a buɗe. Amma wasu cikin rijiyar kanta suke saukar da shi. A nan haɗari yake.

Hayaƙin injin man fetur yana ɗauke da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. A fili tana bajewa, amma cikin rijiya taruwa take yi. Wanda ya shaƙe ta yana jin ciwon kai da jiri, ƙafafunsa su mutu, ya kasa hawowa. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama.

Saboda haka kada mutum ya shiga rijiyar da inji ke aiki a ciki, ko wadda aka kashe shi bai daɗe ba. In wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi da gaggawa. A kashe injin daga sama in da hali, a kira jama'a, a yi ta kaɗa iska cikin rijiyar. Wanda zai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu, mutane su riƙe. Wanda aka fitar a kwantar da shi a fili, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Mai lambun nan da muka fara da labarinsa, da ya saka igiya da dutse cikin rijiyarsa da bazara kafin ya je kasuwa, da tumakinsa suna nan. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ka auna tukuna. In gaba huɗu ce ko ƙasa da haka, sayi injin zuƙa. In ta fi, nemi mai turawa, ka kuma shawarci malamin gona na yankinku.